Ajin Alhamis a Katsina: yadda aikin tubali, daɓe da tarihin birni ke tafiya

Alhamis, 17 ga Oktoba

An kammala shiri. Yara 24 aka rubuta: almajirai 14 daga makarantun allo biyu, da 'yan mata 10 masu talla, dukkansu tsakanin shekara 10 zuwa 15. Babu wanda ya taɓa shiga gidan tarihi a cikinsu, kuma uku kaɗai suka taɓa ganin hasumiyar Gobarau, su ma daga nesa, a kan hanyar bara.

An zaɓi Alhamis ne saboda ita da Juma'a ne hutun makarantar allo, don haka ba mu taɓa karatun kowa ba. Alarammomin biyu sun yarda bisa sharaɗi biyu: gardi ɗaya ya riƙa rako yaran, kuma a sallame su kafin azahar.

Abin da za a yi a mako goma: katanga ta ƙasa mai tsawon mita 3, tsayi mita ɗaya da rabi, da 'yar ƙofa a tsakiya, da zanko biyu (ƙahonnin ado na saman gini), da zane a fuskarta, da daɓe a gabanta. Tsakanin aikin za a fita ganin Gobarau, ƙofofin birni da tsohuwar Kwalejin Katsina. Mun sa aikin hannu a gaba da gangan. Yaron da bai taɓa kwaɓa ƙasa ba, in ka kai shi gaban tsohon gini, tulin ƙasa kawai yake gani.

Wuri: wani kango da aka ba mu aro a cikin birni. Masu koyarwa: dattijon magini ɗaya, da wata tsohuwa da ta san daɓe. Kuɗin da aka tara daga mutanen unguwa da wasu 'yan kasuwa: N420,000. Yau an sauke jar ƙasa ƙaramar tifa ɗaya, N35,000.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ranar farko. Almajirai duka 14 sun zo tun kafin bakwai da rabi. 'Yan mata uku kacal, kuma kowacce da farantin tallarta a ka, idonta na kan hanya. Ƙarfe tara na yi suka sulale.

An fara da gwajin ƙasa. Kowane yaro ya zuba ƙasa rabin gorar roba, ya cika da ruwa, ya girgiza, aka jera a inuwa. Yashi ne ke fara kwantawa, sai laka, yumɓu ya zo a sama daga baya. Magini bai damu da gorar ba. Nasa gwajin shi ne ya jiƙa ƙasa, ya murza ta a tafin hannu kamar igiya, ya ga inda za ta karye. Ta yi tsawo sosai ba ta karye ba, sai ya ce, “Wagga ƙasa mai danƙo ce, tana son yashi.” Gorunan ma abin da suka nuna ke nan. An ji, amma ba a sayi yashin ba don a rage kashe kuɗi.

An baje ƙasar da shebur, an tsince duwatsu da fasassun kwalabe (wannan ba abin wasa ba ne, da ƙafa za a taka ta), an zuba ruwa kura biyu, an watsa ramno, wato dakakkiyar ciyawa da kashin doki, yara suka tattake har ta haɗu. An tara ta, an rufe da buhuna. Kwana bakwai za ta yi tana tsima. In ta fara wari ta yi duhu, ta nuna.

Asabar, 26 ga Oktoba

An bi gidajen 'yan matan ɗaya bayan ɗaya tare da malamar da ke kula da su. Babu uwar da ta ce ba ta so. Magana ɗaya ce a ko'ina: safiyar Alhamis da yarinya za ta yi a wurinmu, ita ce safiyar da za ta sayar da ɗanwake ko awara, kuma da wannan cinikin ake yin cefanen rana, a kuma jefa adashin kayan ɗakinta. Wata ta faɗa a fili: “Malam, ba ƙi na yi ba. Wa zai biya farantin?”

A nan ne kuskuren tsarinmu yake. Mun ɗauka tunda ba a biyan ko sisi, kowa zai iya zuwa. Ga yarinyar da ke talla, zuwan ma kuɗi ne.

Gyaran da aka yi: an soke dafa abinci. N18,000 da aka ware don abincin kowace Alhamis za a raba wa gida goma, N1,800 kowanne, mu sayi farantin tun a ƙofar gida. An rarraba don kada a kawo abu iri ɗaya: gida huɗu shinkafa da wake, uku ɗanwake, biyu awara, ɗaya kunu. Kasafin bai ƙaru da ko kwabo ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

'Yan mata tara sun zo. Ta goman ba ta da lafiya.

An buɗe ƙasa, an sake takawa sau ɗaya, aka fara mulmula tubali. Ana gutsuro curi kamar girman ƙaramar kabewa, a mirgina shi a busasshiyar ƙura don kada ya kama hannu, a yi mishi gindi mai faɗi da kai mai tsini, kamar ƙwai da aka datse ƙasansa. Tsayi kamar taki ɗaya na hannun babba. Wahalar yara ita ce daidaita girma, don haka magini ya yi guda uku ya ajiye a gaba, kowa ya riƙa gwadawa da su. Maza a ɓangare ɗaya, mata a nasu ɓangaren da tsohuwa. An samu 310, an jera su a fili.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Asara. Cikin 310, guda 190 sun tsage, wasu har gida biyu. Kusan 30 kuma awaki sun tattake su tun suna ɗanye, don kangon ba shi da ƙyaure.

Dalilan tsagewar uku ne, kuma duka namu ne. Na farko, yumɓu ya yi yawa. Yumɓu yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe, yashi ne ke riƙe shi kada ya tsuke da yawa. Na biyu, ramnon ya yi kaɗan, kuma ciyawar ba ta daku ba, dogaye ne da suka dunƙule wuri ɗaya maimakon su bazu cikin ƙasar. In aka fasa tubalin da ya tsage, sai a ga gefe ɗaya cunkus da ciyawa, ɗaya gefen fayau. Na uku, an shanya su a tsakiyar rana ga iskar hunturu ta fara kaɗawa: baya ya bushe ya ƙame cikin yini guda, ciki kuwa ɗanye sharaf, da cikin ya zo tsukewa sai ya yage bayan.

Ba a zubar da komai ba, wannan ce ribar ginin ƙasa. An farfasa su duka, har masu kyan, don kada a haɗa iri biyu a katanga ɗaya. An ƙara yashi, kwanon sarki ɗaya ga kowane kwano uku na jar ƙasa, N6,000. An ƙara ramno da aka sassara gajeru, kada ya wuce tsawon yatsa. An sake jiƙawa an rufe. An kuma datse bakin kangon da ƙaya da tsohon kwano.

An ajiye tsagaggu biyar a gefe don darasi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Kafin a taɓa ƙasa, an ba kowane rukuni tsagaggen tubali, aka ce su faɗi abin da ya same shi. Ba su sha wahala ba, don gorunan gwaji na nan a jere.

Tubali 325. A wannan karon an jera su a gindin katangar kango ta inda rana ba ta daɗewa, aka rufa musu zana na kwana uku, sannan a buɗe, a riƙa juya su duk bayan kwana biyu.

Sanyi ya fara. Taka ƙasa da sassafe na fasa ƙafar yara, biyu sun yi faso har da jini. Daga yau ba a shiga laka sai rana ta ɗaga, kuma an sayi man shafawa da sabulu, kowa ya wanke ƙafa ya shafa kafin ya tafi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Tubali na bushewa, bakwai kawai suka tsage. Yau fita ce: Gobarau da ƙofofi. Mota N12,000.

Ba a fara da labari ba. An kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, an auna inuwarta da igiya, sannan aka auna inuwar hasumiya, a ga sau nawa inuwar sandar za ta shiga cikinta. Rukuni huɗu suka samu tsakanin mita 13 da 17. Abin da aka saba faɗa shi ne kusan mita 15, wato ƙafa 50. Ga yaran da rabinsu ba su taɓa zama ajin lissafi ba, wannan ya yi.

Sai magini ya sa suka ja baya suka dubi yadda gindinta ya fi samanta faɗi, hawa-hawa tana tsukewa. Ya ce haka katangarsu za ta zama, don ƙasa ba ta ɗaukar nauyi sai da gindi.

Daga nan aka yi tarihi, gajere. Ana danganta ginin da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda har yau ake kiran fadar Katsina da sunansa, Gidan Korau. Wurin masallaci ne kuma wurin karatu. Shehu Al-Maghili ya zo Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 17 garin ya yi manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda ake zuwa daga nesa a ɗauki karatu a wurinsu. Wani ƙolo ɗan shekara 11 ya ce wa gardinsu, “Ashe su ma almajirai ne suka zauna nan?” Gardin ya ce ƙwarai. Wannan ita ce maganar da suka yi ta maimaitawa a mota. Mafi yawan almajiran nan daga ƙauyuka aka kawo su, birnin a wurinsu wurin neman ɗumame ne, babu wanda ya taɓa ce musu suna da rabo a tarihinsa.

An zaga ta Ƙofar Guga da Ƙofar Yanɗaka, inda Turawa suka shigo garin a 1903, aka tsaya a wani guntun ganuwa da ya rage. Sauran ƙofofin an bi su da baki: Ƙaura, Ƙwaya, Sauri, Durɓi, Marusa. 'Yan matan sun fi kowa sanin su, talla ta kai su ko'ina. Sun mayar da sunayen waƙar gaɗa kafin a iso gida.

Kuskure: an wuce lokaci da minti 40. An je an ba Alarammomi haƙuri. Fita ta gaba wuri ɗaya tak.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An fara gini. An haƙa tushe zurfin santimita 40, faɗi 60, har aka taɓa ƙasa mai tauri. Ana shimfiɗa laka, a jera tubali gindi ƙasa tsini sama, uku a faɗin katanga, sannan a jefa laka da ƙarfi tsakaninsu har ta cike ramukan ta rufe kawunan. Jifar ce aikin. In aka ɗora lakar a hankali kamar ana shafa man shanu, sai a bar kogo a ciki, nan ne gara da ruwa ke samun hanya. Sahu na biyu yana zama a tsakanin kawunan na farko.

Sahu uku aka yi aka tsaya. Yara sun so a ci gaba, magini ya hana: in aka ɗora nauyi a kan ɗanyen gini, cikinsa zai turo waje.

Wata matsala ta ɓullo a wajen abinci. Gida biyu sun ƙara girman faranti suna neman N2,500. An yi magana da su, an tsaya a kan N1,800, abin da ya yi saura yarinya ta sayar da yamma.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Sahu na huɗu da azara, da manyan yara huɗu, da izinin Alaramma. Azara huɗu ta giginya, N2,500 kowacce, an gitta su a kan 'yar ƙofar, kowane kai ya shiga katanga da santimita 25. Giginya ake nema domin gara ba ta cika cin ta ba. Magini N3,000 na rabin yini.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Sahu biyu na ƙarshe, kauri ya dawo santimita 35 a sama. An ɗaga zanko biyu. 'Yan mata sun tankaɗe birji, wato jar tsakuwar da ake daɓe da ita, sun baje a gaban katanga, faɗin mita 3 da mita 2, sun jiƙa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce. An buɗe ta a 1922, a nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa.

An koyi darasi daga fitar farko. An raba yara rukuni huɗu, shida-shida, kowane rukuni da babba ɗaya da takarda da fensir. Aiki uku kawai: a nemo inda azara take a rufi a ƙirga, a auna kaurin bango da hannu a bakin taga, a zana abu ɗaya da ya burge mutum. Ba a nemi kowa ya rubuta komai ba, domin 17 cikin 24 ba su karanta boko. Wanda ya so sa suna a zanensa ya sa da ajami.

Bambancin da mako shida na laka ya kawo a fili yake. Ba su tsaya kallon kaya kawai ba, bango suka yi ta dubawa suna gardama ko sahu nawa aka yi a yini. Wani ya tambayi magini yadda aka rufe ɗaki mai faɗi haka alhali azara gajera ce. Ya zauna a ƙasa ya nuna musu da karare yadda ake ɗaure azara bisa azara, kowacce ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a sama su yi baka. Minti 20 babu wanda ya motsa. Ba ya cikin tsarinmu, amma shi ne darasin da ya fi kowanne a yau.

An dawo kafin sha biyu. Mota N12,000. Kuɗin shiga da ɗan ihsani a fita biyun, N5,000.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yaɓe da zane. An yi yaɓen farko da laka mai laushi da aka tankaɗe ƙasarta, kaurin yatsa biyu. Zane ana yin sa ne tun yaɓen na ɗanye, wani da yatsa a tona, wani a murza laka kamar igiya a manna ya taso. An fara gwadawa a ƙasa da tsinke. Almajirai suka kawo irin zayyanar allo, murabba'i cikin murabba'i, mata suka kawo na lalle da na faifai. Dagi ya hau saman ƙofa, kuma wata yarinya 'yar shekara 13 ce kaɗai ta iya zagaya shi ba tare da igiyar ta ɓace mata ba, don haka ita ta yi.

Daɓe ya fara. Mata tara da madaɓi, ana yayyafa ruwa ana bugu, a jere, ana ja da baya. Tsohuwa ta ba da waƙa suna amsawa, bugun na bin waƙar. Ta ce in babu waƙa hannu ba ya zuwa daidai, daɓen sai ya yi tudu da kwari.

An jiƙa makuba a duro. Makuba ɓawon ɗorawa ce da aka cire garin da kalwar, a daka a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, shi ke hana ruwan sama cin bango. Da bazara ɗorawa ke nuna, yanzu ba lokacinta ba ne, don haka buhu ɗaya sai da aka ba da N8,000. Wanda zai yi irin wannan aiki ya saye ta tun da bazara ya ajiye inda ba laima.

Litinin, 16 ga Disamba

An shafa makuba jiya Lahadi, yau rabin fuskar katanga ta ɓamɓare kamar ɓawon rogo. An yi gaggawa ne. Bangon ya bushe ƙayau ba a yayyafa mishi ruwa ba, sai ya zuƙe ruwan shafen nan take kafin ya kama. Kuma an kwaɓa ta da kauri aka shafa sau ɗaya, alhali siriri ake yi, sau biyu ko uku, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Magini ba ya nan aka yi, wannan ma kuskure ne. Zanen bai lalace ba sai wutsiyar dagi ta hagu. An kankare da ɓawon kwakwa a hankali. Wani buhun makuba, N8,000.

Alhamis, 19 ga Disamba

An jiƙa bango, shafe na farko da hannu, siriri. An gyara dagi. Daɓe ya sha makuba sau biyu, ya yi duhu yana sheƙi. Shafe na biyu ranar Asabar, na uku Litinin, magini na tsaye.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ranar nuni. Alarammomi biyu, iyaye mata takwas, mai unguwa da waɗanda suka ba da kuɗi sun zo. Yara ne suka yi bayani, kowane rukuni da nasa: gorar gwaji, tsagaggen tubali da mai kyau, azara, makuba, tsayin Gobarau. Yara 22 suka kai ƙarshe. Almajiri ɗaya an mayar da shi gida, yarinya ɗaya iyayenta sun tashi daga unguwar.

Lissafi: abinci N180,000, shi ne kaso mafi girma kuma ban da na makon farko duk ya shiga gidajen 'yan matan. Magini N63,000, tsohuwa N32,000 na mako takwas. Ƙasa, yashi, ramno da birji N54,000. Ruwa N22,000, ya zarce abin da aka zata saboda sake kwaɓi. Azara N10,000, makuba N16,000, mota N24,000, shiga N5,000, sabulu, mai, takarda da fensir N11,000. Jimla N417,000. Saura N3,000.

Tafiya Daura ganin rijiyar Kusugu ba ta yiwu ba. Kusan kilomita 80 ne, mota biyu da abinci ba za su gaza N90,000 ba, kuma yini guda ce cur, sai an nemi izini na daban daga Alarammomi da iyaye. An ɗage ta zuwa zango na biyu. Kafin nan za a ba su labarin Bayajida da Daurama da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a kuma nuna musu cewa labarin baka ne da aka gada, su san bambancinsa da abin da aka rubuta da kwanan wata.

Zango na biyu zai fara bayan mako uku, a gama kafin azumi. Magini ya zaɓi yara huɗu da zai riƙa tafiya da su wurin gyaran wani zaure duk Alhamis, da ladan N1,000 kowanne daga mai zauren. Sauran za su gwada ƙaramin baka a kan katangar nan, ana buƙatar azara 12. Za a kuma gwada laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga gini, a saman zanko, in an samu katsi (guggubin rini) daga marina da gashin jima daga majema, dafara, tsiron da ake haɗa danƙonsa a ciki, ita ce ba a san inda za a samo ba tukuna. Katangar ba za a rufe ta da leda ba, za a bar ta ta sha damina ɗaya, a duba a watan Oktoba a ga inda ruwa ya ci.